Ram ɗin da Kawu ya sayo

Shekarar da ƙanwata za ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta, ko linzamin kwamfuta ba ta taɓa riƙewa ba. Ni kuwa gyaran waya nake yi a kasuwar Ɗanbatta, sai na ɗauki alwashin haɗa mata kwamfuta ta koya a gida. Na tsinto kayan ɗaya bayan ɗaya, har da tsohon madabod, wato allon da komai ke hawa kansa. Ram kawai ya rage, ɗan sillen da kwamfuta ke tuna abin da take yi da shi.

Kawuna, wan mahaifiyarmu, yana kai gyaɗa Kano. Da ya ji labari sai ya ce shi zai sayo, gudummawarsa ke nan. Na yi masa bayani dalla-dalla cewa allon tsoho ne, ram mai ƙaramin gudu yake ɗauka, na ma faɗa masa lambar. Ya ce ya ji. Amma Kawu mutum ne da ko saniya zai saya sai ya tambayi wadda ta fi kowace ƙarfi.

Ya dawo yana murmushi. "Mai shagon ya ɗauko mini wanda ka ce, na ce a'a, 'yata ba za ta yi karatu da gurgu ba. Wannan ya fi duka gudu."

Na sa shi. Fanka ta juya, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, sai wani ƙara kamar kukan ɗan tsako. Sabbin alluna kan rage wa ram gudu su tafi tare, nawa bai san wannan ba. Na cire, na hure, na goge, na sake sawa. Shiru kake ji.

A wurinmu ba a mayar da kyautar babba, balle a ce masa ya yi kuskure. Inna ta ce ko da wasa kada maganar ta fito daga bakina. Kullum bayan la'asar Kawu zai jingine kekensa ya leƙo. "Ta tashi?" In ce saura kaɗan. Ga noman rani ya kankama, da safe gona, da yamma tsugunno gaban akwatin da na san ba zai tashi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, zama ya gagare ni, har abinci na daina jin daɗinsa. Ƙanwata kuwa sai ta zana madannai a bayan kwali tana dannawa.

Sai da Kawu ya tafi gonarsa ta rani a Watari duba albasarsa na samu na sulale Kano, na musanya shi da mai ƙaramin gudu. Nan take ta tashi. Amma jarrabawa ta riga ta zo bakin ƙofa, yarinyar ko saba hannu ba ta gama yi ba.

Ranar da ta dawo daga jarrabawar, Kawu na zaune a zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta juyo gare ni, idonta ya ciko.

"Yaya, na san amsoshin. Lokaci ne ya ƙare ina neman inda zan danna."

Kawu ya girgiza kai. Ya ce, "Kayya. Da na sani da na ƙara nema, wataƙila akwai wanda ya fi wancan gudu."