Ranar da Mai Jaki Ya Isa Gida

Teburin yankan yadi ne, dogo, duk jikinsa tabon almakashi. Kwana shida a mako aikin ɗinki muke yi a kansa, ni da yayana, a shagonmu da ke bakin titin da ya miƙe zuwa Ƙwanni. Ranar Juma'a kuwa, da an sauko daga masallaci, sai mu ja ƙofa rabi, mu share teburin, ya zama ƙasa guda mai gulbi da tudu da garuruwa.

Yaya ne ya kawo wasan. A waya ya ga wasu Turawa, manya da gemunsu, suna tura 'yan sojojin roba a kan tebur, suna auna tafiyarsu da tef. Ya ce, "Af, ashe ma aikin teloli na!" Ya sa aka kawo masa laka daga Gidan Katta, ya gina mutane tsawon ɗan yatsa, ba ido ba baki, sai rawanin ƙyalle. Nasa farare, nawa jajaye. Shuɗin ƙyalle ya zama gulbi, maɓalli rijiya, kwalin ashana rumbu. In mayaƙa suka haɗu, sai a jefa ɗan lido, ƙwayar nan mai lamba ɗaya zuwa shida, babbar lamba ta raba gardama.

Doka biyu ya kafa. Kafin a taɓa komai, kowa zai rubuta abin da ya fito nema a guntuwar takarda, ya kifa kofin shayi a kai, ba a buɗewa sai an tashi. Wanda ya cika abin da ya rubuta shi ya ci, ko da soja ɗaya ya rage masa. Sannan abin da ya faru makon jiya yana nan daram. Gadar da aka karya karyayya ce, wanda ya mutu kuma ya koma bokitin laka.

Ni dai Allah ya yi ni da zafin kai. Takardata kullum: ƙone rumbu, kama sarkin yaƙi, cinye gari. Yaya ya kan girgiza kai ya ce, "Kai kullum wuta, kullum wuta. In ka ƙone garin, ina za ka kwana?" Shi kuwa sai in kashe masa rabin runduna ina ta murna, a ɗaga kofi in ga ya rubuta: tsallakar da shanu gulbi. In duba, shanun nan suna can ƙetare tun tuni. Haushi kamar in haɗiye tef.

Cikin mutanensa akwai wani tsoho mai jaki, ba makami, wanda doka ta ba tafiyar inci uku kacal a zama ɗaya. Ya tashi daga ƙarshen teburin wajen ƙofa, gidansa kuma yana can wajen taga, wata 'yar bukka da Yaya ya yi da kara. Wata Juma'a, yana tura shi, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ranar da tsohon ga ya isa gida, ni ma na aje almakashi. Ƙauyenmu Lafani zan koma, wurin gona."

Na yi dariya, amma na san ba wasa yake yi ba. A watannin nan ni nake zura masa zare a allura, kuma sau biyu na warware ɗinkinsa a ɓoye na sake. Idonsa ke tafiya. Shekara ashirin muna gefe da gefe, ban san yadda ake buɗe shago ni kaɗai ba, kuma ban so in sani.

Daga ranar na daina ƙone-ƙone. Kashe tsohon ba zai yi ba, don labarin ya ƙare ke nan. Sai dai in ja masa rai. Wannan makon in karya gada. Na gaba in kafa shinge irin na bakin iyaka, in ce sai jaki ya nuna takarda. Har rijiyar arewa na cike da ƙasa, don dole ya zagaya neman ruwa. Yaya ya ce, "Mi tsohon ga ya yi maka?" Na ce yaƙi ne.

Ina son waɗannan la'asar ɗin fiye da yadda zan iya faɗa. Hasken taga ya kwanto a kan shuɗin ƙyallen har in ga kamar ruwan yana gudu. Ƙarar babura da kiran masu canjin kuɗin sefa su yi nisa, su yi nisa, sai ka ce daga wani gari suke zuwa. A tsakiyar mako ina taka keken ɗinki, sai in kama kaina ina tunanin inda tsohon ya kwana, ko ya sami inuwa, ko jakin ya sha ruwa. Ni da nake tare masa hanya, ni nake damuwa da shi.

Wata Juma'a cikin damina, saura masa inci uku. Na jera soja shida a mashigin bukkar. Na rubuta takardata, na kifa kofi. Yaya ya miƙa hannu, yatsunsa suna lalube a kan teburin, ya ɗauki wani jan sojana, ya tura shi a hankali yana cewa, "Haba tsoho, daure, saura kaɗan."

Na dubi jan rawanin da ke tsakanin yatsunsa. Sannan na ce, "Yaya, wanga nawa na."

Hannunsa ya tsaya cak. "Ashe," ya ce.

Na kama hannun na ɗora a kan jakin. Na jefa ɗan lido, shida ta fito. Na ce, "Kash, ɗaya." Na janye sojojina da kaina, tsoho ya shiga gida.

Muka ɗaga kofuna. Tasa takardar rubutu ne a kan rubutu, layi ya hau layi, ba mai iya karantawa. Ya ce, "Karanto taka."

Abin da na rubuta shi ne: kada Yaya ya tafi. Na ce, "Kama rijiyar arewa."

"Rijiyar da ka cike da hannunka?" Ya miƙo tafin hannu. Na ba shi. Ya shafa takardar da babban yatsa, ya ninke, ya sa a aljihu.

Bayan sati biyu Yaya ya hau bayan babur zuwa Lafani, mai jaki naɗe cikin ƙyalle a aljihun rigarsa. Juma'ar da ta biyo baya na shimfiɗa gulbi, na kifa kofi biyu, na zauna. Sai saƙon murya daga Yaya ya shigo wayata.

"Matata ta karanta mini takardarka," in ji shi. "Kai dai ba ka taɓa iya zaɓen abin da za ka iya ci ba."

Bai katse saƙon a nan ba. Ina jin kukan awaki, da iska cikin gero, da numfashinsa, har saƙon ya ƙare.