Takalmin Ardella

Cleophus Gaines mutumin Mississippi ne, amma a Chicago ya tsufa, yana gyaran birkin motocin bas. Ranar Lahadi da yamma kuwa sai ya sa hularsa, ya kinkimi akwatin sautinsa, mu haɗu a mashayar Mama Essie. Ni ne mai gangarsa tun muna da baƙin gashi.

Hamonika yake busawa, 'yar sarewar ƙarfen nan da ba ta wuce tafin hannu ba. Yakan haɗa ta da wani tsohon makirfo na masu kiran tasi, ya rufe su da hannu biyu. Abin da ke fitowa daga akwatin nan wata murya ce mai kaushi, kamar ta wanda ya yini yana kuka. Samari masu koyon kiɗan blues sun yi ta sayen kaya masu tsada don su kwaikwaye ta, amma ina.

Mu na kusa mun san tarihinta. Suna sabon aure, matarsa Ardella ta gaji da yadda busa ta fi ta daraja. Wata rana ta cire takalminta mai tsini ta wurgo masa, ya kauce, tsinin ya huda takardar sifikar da ke cikin akwatin. Da ya jona ya busa, sai ya ji muryar da ya daɗe yana nema. Har Ardella ta rasu tana cewa ita ta koya masa kiɗa.

Bayan rasuwarta ne, wata Lahadi, ya busa sai muka ji sauti tas, siriri, kamar na yaran makaranta. Ya dube ni, na dube shi. Ya canza hamonika, ya jijjiga waya, ya sake busawa, duk ɗaya.

Daga nan ruɗani ya shigo, kuma ni ma ban fi shi hankali ba. Ya je asibiti aka duba ƙirjinsa, aka ce lafiya lau. Ya cire haƙoran roba ya busa, ya mayar ya busa. Ya daina cin soyayyar tarwaɗa kafin wasa. Har ni ya zarga, wai gangata ce ke danne shi. Na ce masa in gangata ce, me ya hana ta danne shi tun muna samari? Ƙarshe ya koma coci, wurin da rabonsa da shi tun jana'izar matarsa, yana tunanin ko Ubangiji ne ya karɓe abinsa. Akwatin kaɗai bai zarga ba, don a waje yana nan yadda yake, da ƙurarsa da komai.

Mama Essie ba ta da ɓoye-ɓoye. Ta ce masa mutane sun fara tashi kafin a gama, in abin bai dawo ba za ta ba wani makaɗi Lahadin. Na ji tsoro ƙwarai, don na san mutumin nan ba shi da sauran abin jira a mako sai ranar.

Muna zaune a falonsa yana ce mini zai ajiye busa, sai 'yarsa Lorraine ta shigo da cefane. Ita ke kula da shi tun rasuwar uwarta. Ta ji ƙarshen maganar, ta ajiye leda.

"Baba, ka ajiye kuma? Bayan na kai akwatin an gyara maka?"

Ashe tana shara ta leƙa bayan akwatin ta ga takardar sifikar a yage. Ta ɗauka a ɓoye ta kai wa mai gyara, ya sa sabuwa, ya jefar da tsohuwar. Shiru ta yi don tana jira ya ji daɗin sautin ya tambaya.

Cleophus ya ce, "'Yar nan, uwarki ce ta yaga ta."

"To ai shi ya sa na gyara," in ji ta.

Na ba ta labarin takalmin. Tana ji tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, ta kasa gane yadda gyara ya zama ɓarna. Ni kaina da nake bayanin sai na ji kamar maganar mahaukata nake yi.

Ta shiga ɗakin uwarta, ta fito da takalmi mai tsini, na zuwa coci. Ta tambayi uban inda Ardella ta tsaya ran nan. Ya nuna mata bakin ƙofa, ya je ya tsaya gaban akwatin. Ta tsaya bakin ƙofar ta fara jifansa. Jifan farko ya sami fitila. Na biyu ya sami gwiwata, ni da ban ci ba ban sha ba. A na uku ya kauce kamar saurayi, muka ji ƙarar yagewar takarda.

Ya jona, ya rufe hannuwansa, ya busa. Kaushin ya dawo, daga baya Mama Essie ma ta bar masa Lahadinsa, amma mu biyu mun san ba ainihin muryar farko ba ce. Ya sauke hamonikar, hawaye na bin gemunsa.

"Ya yi, Baba?"

"Ya yi, 'yar nan," ya ce. "Sai dai uwarki da fushi ta jefa."