Dattijo a Bencin Baya

Jama'a, a gyara zama! Ga kafintan kafintoci, dattijon coci mai kujera kusa da bagadi, maigidan da ko zakara ba ya cara sai da izininsa: Babanmu ke nan. Ni kuwa autansa ne, wanda ya sallami makaranta tun kafin ta sallame shi.

A wurin Baba, uba shi ne kan gida, shi zai amsa a gaban Allah kan duk ran da ke ƙarƙashin rufinsa. Kullum da safe shi ke buɗe Littafi, shi ke addu'a, namu amin ne kawai. Ko Mama ba ta isa ta riga shi ɗaga cokali ba.

Sai Yaya ta yi ciki, babu aure.

Ran Asabar Fasto ya zo shagon Baba. Hannuna na shafa wa ƙofa fenti, kunnena na wajensu.

"Dattijo, ka san ƙa'ida. Yarinya za ta koma bencin baya, tana ƙarƙashin horo. Kai kuma, wanda gidansa ya gagare shi ba ya riƙe coci. Sai dai in ka tura ta wajen dangi har magana ta lafa, ka tsira da kujerarka."

Baba bai fasa goge katako ba. "Na ji, Fasto."

Ranar ba wanda ya ci abincin kirki. Yaya ta ƙulle kayanta a zane, ta ajiye bayan ƙofa. Mama sai wanke tukunyar da ta riga ta wanke take yi. Da gari ya waye Baba ya yi addu'a gajeriya, bai kalli kowa ba, ya ce, "A shirya."

A coci Yaya ta raɓe a bencin baya, kai a sunkuye. Baba ya shigo da kwat ɗinsa tilo. Dattawa suka matsa masa wuri a gaba. Ya taka har tsakiya, ya tsaya. Mai ganga ma ya sassauta hannu. Sai ya juya, ya koma baya, ya zauna gefen 'yarsa, ya buɗe littafin waƙa ya riƙe musu su biyu.

Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, yau ka kafa tarihi! Jikoki da tattaɓa-kunne za su ba da labarin uban da ya ajiye kujera don..."

"Ka gama?" in ji shi. "Je ka tsayar mana da mota mu tafi gida. Yayarka ba za ta iya tafiyar ƙasa ba."