Kujerar Kwamfuta

Ni dai ido Allah Ya ba ni. In na tsaya bakin kasuwar Karaye, ina iya gaya maka ko saniyar da ke kiwo a Rogo tana da kaska a kunne. Haka nake faɗa a ofis kullum, har ni ma na fara yarda.

Kwamfuta ɗaya ce a ofishinmu, wani dattijo ne a kanta, wanda tun zamanin tafireta shi ke buga takardu. Wasiƙun dagatai, takardun taro, duk ta hannunsa suke bi. Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya, kuma burinsa ya ƙarasa a kan kujerar nan, don saboda ita ake durƙusa masa.

Wata rana na shiga na tarar ya kafa hanci a gilashin kwamfutar, ido jawur, hawaye na bin gemu. Ya ƙara wa haruffa girma, kowanne kamar kan akuya.

"Yaya, wa ya rasu?"

"Ƙanena, rufa min asiri," in ji shi. "Da hantsi ya yi sai rubutun ya riƙa rabuwa biyu. Kada oga ya ji."

Na dafa ƙirji na ce har abada.

Har abadan nan sati biyu ta yi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zo wayar mana da kai. Ta ce ƙura wa kwamfuta ido ba ƙiftawa yana busar da shi. A riƙa ɗauke kai ana duban nesa, a rage haske, a ja kujera baya. Sai ta tambaya ko akwai mai jin yaji a ido ko ganin dishi-dishi. Aka yi tsit. Ni kuwa tsit ba ta karɓe ni ba.

"Hajiya, ga Yaya nan! Harafinsa ɗaya sai an ɗaura shi a bayan babur. Mutanen Falgore daga gona suke karanta wasiƙunmu kafin a buga!"

Aka tuntsire. Na ƙara da kwaikwayonsa, hanci a bango, ina sharar hawaye da hula. Shi dai takalminsa yake kallo. Baiwar Allah ta yi ta cewa abu ne mai sauƙi, hutu ne da gwaji da tabarau. Oga kuwa maganata kawai ya ji. Ran Litinin aka mayar da dattijon ɗakin ajiya, cikin tsofaffin fayiloli da kashin ɓera, inda ko sallama ba a zuwa yi. Kujera kuma aka ba mai ido.

Na hau da ƙarfina. Duban nesa? Na ragwaye ne. In na tashi daga kwamfuta, hutuna a waya nake yi. Kafin a yanke dawa idona ya koma kamar an daka barkono a ciki. Na zuba kwalli, ya ƙara. Sai na fara turo ƙofa, ina ƙara wa haruffa girma kaɗan-kaɗan.

Ina cikin haka wata rana na ji numfashi a bayana. Shi ne, da fayil a hammata da sabon tabarau da aka yanka masa a Kano, idon nan tar.

"Yaya," na ce, "rufa min asiri."

Ya gyara zaman tabarau, ya leƙa.

"Wane asiri, ƙanena? Tun daga ɗakin ajiya nake karantowa. Kuskure uku ne a layin farko."