Kiyashin Banɗakin Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina aikin adana takardu a wata kotu, mahaifiyata tana zaune a gidanmu na gado a Koki tare da yayata. Ta daɗe tana fama da ciwon sukari. Ni ke kai ta asibiti, ni kuma ke soka mata yatsa da safe in auna jininta a na'ura kafin in wuce aiki. A wani zuwa da muka yi, likita ya ƙara mata sabuwar ƙwaya a kan tsohuwar. Ya rubuta, ya miƙo takardar, ya kira na gaba. Ko kalma ɗaya bai faɗa mana ba game da yadda take aiki.

Ba a daɗe ba kiyashi suka cika banɗakinta. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ma'anar wannan: tun kafin na'ura ta zo, da kiyashi iyayenmu ke gane mai sukari. Idan suka yi layi zuwa inda mutum ya yi fitsari, an gama bincike. Yayata ta tare ni a zaure ta ce, "Akawu, wannan sabon maganin naka ƙara mata ciwo yake. Je ka duba da idonka."

Na duba, na gani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na'urar tana nuna sukarin yana sauka. Aikina ya koya mini cewa idan shaidu biyu suka saɓa, ɗaya maƙaryaci ne. Na fara zargin na'urar, na aro ta abokina, suka ba da amsa ɗaya. Na koma zargin mai kemis, na je na tsare shi da tambayoyi kan inda yake saro magani, har ya ce in na gama shari'ar in matsa masu saye su wuce.

Ana cikin haka wata ƙawar mahaifiyata daga Gwammaja ta fara aiko mata da jiƙon shuwaka. Sai kiyashi suka ɗauke ƙafa. Gida ya cika da hamdala, yayata tana cewa, "To, ɗan boko, ga ganye ya yi abin da takardarku ta kasa." Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin a daidai lokacin na'urar ta fara nuna sukarin yana hawa. Mahaifiyata ta soma yawan gajiya, tana cewa tana ganin hazo-hazo idan ta buɗe Alƙur'ani. Idon nan shi nake tsoro, don ita ma ta sha faɗin cewa gara mata komai da ta rasa karatunta na asuba.

Na koma asibiti ni kaɗai, na samu wata likita, na zayyana mata komai kamar mai gabatar da ƙara. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, Hajiya ta daina shan sabuwar ƙwayar."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, a gabana take karɓa kullum. Mahaifiyata ba ta ƙarya."

Ta ce, "Ban ce tana yi ba. Zauna in yi maka bayani." Ta ce ƙoda tana tace jini, sukari yana bin ruwan da aka tace. To amma a jikin siraran bututun ƙoda akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke kamo sukarin su mayar da shi cikin jini, kuma ba sa ɗaukarsa shi kaɗai, sai tare da sinadarin gishiri; gishirin ne ke jan sa su wuce tare. Sabuwar ƙwayar ƙofofin nan take toshewa, don sukarin ya bi fitsari ya fita. "Kiyashin da kuka gani," in ji ta, "shaida ce maganin yana aiki. Da suka tafi, sukarin ya koma zama a jininta."

A hanyar gida na rasa yadda zan yi. Ɗa ba ya tsare uwarsa da tuhuma, ko da yana da hujja. Na shiga ɗakinta na durƙusa, na ce, "Hajiya, likita tana gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ina kiyashin nan suka koma."

Ta ci gaba da jan carbinta. Can sai ta miƙa hannu ta buɗe wata samira a gefen gado. Ƙwayoyin suna ciki. Ashe idan na ba ta, tsohuwar take haɗiya, ta damƙe sabuwar a hannu. Ta ce, "Babanka haka ya fara. Kiyashi suka zo, ba a rufa shekara ba muka binne shi. Kullum na shiga kama ruwa sai in ga kamar ni suka zo yi wa sallama."

Na maimaita mata bayanin likita da sannu, har da gargaɗinta na yawan shan ruwa, da kyautata tsarki, da cewa kada ta ɗauki azumi sai an sake duba ta. Ta ce, "Wato su maganin suke yi wa shaida, ba mutuwa ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "To me ya hana wancan likitan ya faɗa? Bakinsa ciwo yake?" Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta haɗiye a gabana, ta buɗe tafin hannunta don in gani.

Har yau idan na tuna ina jin zafin wancan likita na farko. Ya ba tsohuwar da ta girma a Koki maganin da zai kira kiyashi, bai tsaya ya yi tunanin abin da kiyashi ke nufi a wajenta ba. Jimla ɗaya ta isa. Mahaifiyata ta rayu shekaru bayan haka, kuma har rasuwarta da idonta take karatun asuba.