Ɗiyan Tarwaɗa Ɗari Biyar da Bututun Man Giya

Anka, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Muna idar da sallah na tada mota, uwargidana Ladidi a gefena, jarkoki huɗu da muka yanke wa kai suna ƙara a baya. Gummi muka nufa sayen ɗiyan tarwaɗa. Shekara biyu tana tara ribar ƙuli-ƙulinta har ta gina kwamin kifi a bayan gida, yau kuma ranar zuba masa rai. Murna ta hana ta karin kumallo, ni kuwa tawa murnar daban ce, aikin hannuna zan gwada.

Motar tsohuwa ce mai canza giya da kanta. Bututun ƙarfen da ke kai man giya wurin sanyaya ya yi tsatsa a baki, sai na sayo ƙaramin lagireto na musamman daga Gusau, da tiyonsa na roba da mahaɗin tagulla. Ni malamin gona ne mai ritaya, amma a raina bakanike ne. Da na zo ɗaura mahaɗin a notin bututun, ya shiga zagaye uku ya cije. Na naɗa masa farin tef na masu gyaran famfo, na sa ƙarfi na murɗe. Ladidi ta tambaye ni ko haka ake yi, na ce mata ita da ƙuli-ƙuli, ni da ƙarfe.

Gummi, ƙarfe takwas saura kwata

Shingen jami'an tsaro uku muka wuce, ko'ina gaisuwa da leƙa jarkoki. Fadama ta yi kore shar da shinkafa. Mai kifin, wani dattijo mai ƙananan kwamaye kusa da gulbi, ya ƙirga mana ɗari biyar da ludayin raga, kowane bai wuce ɗan yatsa ba. Ya ja mana kunne: kada a ba su abinci, kada ruwan ya yi zafi, kuma su shiga kwami kafin azahar. Muka ci waina da miya a tsaye, na sayi bandar kifi ta tsaraba, tara da kwata muka juyo. Ladidi tana waiwaye tana yi wa kifayen magana kamar jikoki.

Mararrabar Bukkuyum, goma da minti ashirin

Ina cikin yabon aikina sai na ji injin yana kuka, mota kuwa ta ƙi gaba. Na gangara gindin wata tsamiya. Da na waiwaya, ga jan layi a kan kwalta tun daga inda ido ya ƙare. Mahaɗina ya tsage notin, man giya ya tsiyaye. Wallahi kunya ta fi tsoro kama ni.

Ladidi ta fito ta zagaya bayan mota. Ta tsoma hannu a jarka, ta ce ruwan ya fara ɗumi, kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Wasu mata da ke ɗibar ruwa a rijiya can gefe suka taho da bokitansu, ta shiga rage ruwan tana ƙara sabo.

"Malam," ta ce, "awa biyu gare ka. Ka tai ka nemo wanda ya iya."

Cikin garin Bukkuyum, sha ɗaya saura kwata

Na kwance mahaɗin na sa a aljihu, na hau kabu-kabu. Mai kayan mota na farko ba shi da mahaɗi irin wannan, ya miƙo mini tiyon fetur. Na ƙi, don ko ni na san man giya mai zafi narkar da shi zai yi. Na dai sayi man giya lita uku. Mai kabu-kabun ne ya ce in ana maganar bututu, sai Malam Garba mai gyaran firji.

Malam Garba ɗan siriri ne mai furfura, ba ya gaggawa ko a gaisuwa. Ya juya mahaɗin a tafin hannunsa ya yi dariya, ya ce wanga na inci ne, irin kayan aikinsa, motar Japan irin tawa kuwa da milimita aka ƙera ta. Haƙoran notin suna kama da juna, shi ya sa suke yaudarar mutum zagaye biyu ko uku. Ya ɗauki jakarsa muka yi goyon biyu.

Gindin tsamiya, sha ɗaya da rabi

Abin da ya yi ya burge ni har yau. Ba shi da ma'auni, sai ya zura bakin sifana a jikin bututun. Mai lamba tara ta ƙi shiga, mai sha ɗaya tana rawa, mai goma ta zauna daram. Ya ce to ga shi nan, milimita goma. Ya ce a manta da mahaɗi gaba ɗaya.

Ya yanke bakin da na lalata da ɗan abin yanka bututu mai zagayawa. Ya matse bututun a ƙarfen da yake buɗa bakin bututun firji, a ramin da ya fi kusa da girmansa, ya murɗa kaɗan kawai har baki ya ɗan tashi kamar leɓen tulu. Ya goge kaifin da zarto don kada ya yanki roba. Ya aike ni wurin wani mai shayi a mararrabar na karɓo ruwan zafi a kofi, muka tsoma bakin tiyon da ya zo da lagireton har ya yi laushi, ya tura shi ya haye leɓen da tsawon ɗan yatsa. Sannan ya ɗaura kilif biyu na matse tiyo a bayan leɓen, kawunansu suna kallon gefe daban-daban.

"Ja da ƙarfinka duka, irin wanda ka sa ranar nan," ya ce.

Na ja har na kusa faɗuwa, tiyo ko gezau. Muka zuba mai, na tada mota, na bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya duba sandar awon mai injin yana aiki. Na durƙusa ina leƙen ƙasa, ko ɗigo babu. Ban san lokacin da na rungume dattijon nan ba, matan rijiya suna ta dariya. Ladidi ta ba shi rabin bandar kifina ba tare da ta tambaye ni ba.

Anka, ɗaya da kwata

Ban taɓa tuƙi da addu'a a baki kamar ranar ba. Muna shiga gida muka jera jarkokin a cikin kwami don ruwan ya daidaita, sannan ta karkata su a hankali. Kifayen suka nutse ƙasa, shiru. Ladidi ta dafe bango tana leƙen kwamin, shekara biyun nan duka suna cikin ruwan. Can sai ɗaya ya wutsila, sai goma, sai kwamin ya kama motsi ko'ina. Ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Bakwai kawai suka taso matattu.

Da la'asar na tarar tana shimfiɗa raga a kan kwamin saboda tsuntsaye. Kusurwa ɗaya iska tana ɗaga ta, sai ta zaro mahaɗin tagullar daga aljihun rigata, ta ɗaure shi da igiya a wurin.

"Ka ga, Malam, ya samu inda ya dace da shi."

Yana nan rataye har yau, kullum da safe sai na gan shi. Na gode wa Allah da ya kawo mu gida lafiya, na gode wa matan rijiya, Malam Garba kuma Allah ya ƙara wa hannunsa albarka.