Tsatsar da Ta Riƙe Min Maigida

Matso kusa ka ji, ba zan ɗaga murya ba, don in matan unguwarmu suka ji sai sun yi min dariya har su gaji. Ni da kake gani na taɓa goyon bayan tsatsa.

Maigidana direba ne. Yana da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, da ita yake kai kaya Agadas da garuruwan da ke gaba, waɗanda a bakinsa kawai nake jin sunansu. In ruwan farko ya sauka ya dawo Dungas ya yi noma, motar ta yi ta barci a gindin bishiyar bedin ƙofar gida. In an ɗaure gero an sa a rumbu, ya tada ita ya tafi. Ni kuwa ko kasuwar Guci sai an ja ni da ƙyar. Da damina kaɗai nake samun sa a gida.

A shekarar da nake ba ka labari an yi ruwa sosai, har ya kwanta a ƙarƙashin motar. Ranar da ya tada ita don gwaji ina cikin gida ina tankaɗe, na ji ƙafar motar ta gaba tana wani gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe. Ya aika aka kira ƙaninsa, makanike ne a Magariya, abokin wasana tun ina amarya. Suka ɗaga motar, suka cire taya. A bayanta akwai wani ƙarfe mai faɗi, shi birki ke kamawa. Su dis suke ce masa, ni faifai na gani. Ya cinye, dole a sake shi, don ba a shiga waccan hanya da birki mara kyau. Suka kwance duk abin kwancewa, ba abin da ke riƙe da shi kuma, amma ya ƙi fita. Tsatsa ta haɗe shi da jikin motar kamar tare aka ƙera su.

Suka zuba masa gazuwal, wato man dizal, suka bar shi ya sha. Suka sa guduma. Daga madafa nake jin bugun, dim, dim, irin na turmin da ya cika da hatsi. Sai na gane abu ɗaya: muddin haka ƙarfen ke amsawa, maigida a gida zai ci tuwo.

Wallahi kwanakin nan sun yi min daɗi. Ya shigo hannu baƙi ƙirin yana faɗa da ƙarfen da ba ya jin sa, na zuba masa ruwa, ya zauna a tabarma yana warin gazuwal, ƙaramar 'yarmu ta hau bayansa. Fura kuwa na dama ta da nono mai yawa, ban yi rowa ba.

Ƙanin ne ya fara gano ni. Na kai musu ƙwarya, ya kalle ni ya ce, "Matarmu, faɗi gaskiya, me kika tofa wa ƙarfen nan?"

Na ce, "Kai dai ka ce tuwon Magariya bai riƙe ka ba. Ba ni gudumar in nuna maka."

"Yaya, ka ji ta? Kowa ya wuce sai ya ce Allah ya fid da shi. Ita ko sau ɗaya ba ta faɗa ba, sai ƙara mana fura take yi!"

Maigida bai ɗago ba, yana goge hannu da tsumma. Can ya ce, "To ai rana ta yi zafi. A ƙara masa mai, a bar shi sai gobe." Rana kuwa ba ta yi wani zafi ba.

Washegari ƙanin ya zo da dogayen kusoshi biyu masu zare. Ashe faifan yana da 'yan ramuka da aka yi don haka. Ya ɗaure wannan kaɗan, ya ɗaure wancan kaɗan don su turo faifan waje, ya buga. Ina daka lokacin. Sai na ji muryar ƙarfen ta sake, ta yi wasai kamar an ƙwanƙwasa tasa mara komai. Na tsaya da taɓarya a hannu. Ya sake bugawa, na ji ƙas! Maza suka ɗauki Alhamdulillahi. Ni ma na faɗa, ai dole a faɗa. Da na leƙo, jar ƙasa ce ta zubo a gindin ƙafar motar, ko cikin tafin hannu ba za ta yi ba. Ita ce duk ta riƙe min shi.

Suka sa sabo, ya ɗaure kayansa ya tafi. Da damina ta zagayo bai zo ba, aiki ya ja shi can gaba, ƙanin ne ya nome gonar. Wadda ta biyo baya ma haka. Yana aiko da abin cefane, yana kira, muryarsa na zuwa tana yankewa. Kwanan nan, bayan ya tambayi yara, ya ce min da murna, "Kin san birkin nan har yau lafiya lau? Ko ƙara ba ya yi."

Na riƙe wayar a kunne. In da kai ne, me za ka amsa masa?